Tambayi Likita: Koya wa ɗaliban likitanci maganar barin taba

Da yawa daga cikin wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan sun taru a kan batu ɗaya, wato taba sigari da yadda likita zai yi wa mara lafiya maganar rabuwa da ita. Na zaɓi huɗu daga ciki, na taƙaita su saboda ƙarancin wuri, kuma na sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni ɗalibar likitanci ce a aji biyar. An karantar da mu cututtukan da taba ke haddasawa, ko daga barci aka tashe ni zan lissafo su. Amma makon jiya aka ba ni wani dattijo mai tari da haki in ɗauki tarihin ciwonsa. Yatsunsa da leɓensa sun nuna yana sha, ga 'ya'yansa biyu tsaye a kansa, da na tambaye shi ya ce ba ya sha, ni kuma bakina ya yi nauyi, na rubuta yadda ya faɗa. Ta yaya yarinya kamata za ta dubi sa'an kakanta ta ce masa ya bar taba? Daga wata ɗaliba a jihar Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Nauyin bakin da kika ji alama ce ta tarbiyya, kuma ba na fatan karatun likita ya raba ki da ita. Idan akwai gazawa a nan, tamu ce mu malamanku, domin mukan shafe awanni muna nuna muku abin da hayaƙi ke yi wa huhu, sannan mu sake ku a gaban mai huhun ba tare da mun taɓa sa muku kalma ɗaya a baki ba. Yi wa mara lafiya magana aiki ne da ake koya da maimaici, kamar neman jijiya a hannun jariri, kuma babu wanda aka haifa da iyawarsa.

Abin da ya fara hana ki samun gaskiya shi ne 'ya'yan nan biyu da ke tsaye. A ƙasar Hausa shan taba abu ne da dattijo ke ɓoyewa ko da duk gidan an sani, kuma mutumin da ke sahun gaba a masallacin unguwa ba zai amsa shi a gaban ɗan cikinsa ko surukinsa ba. Ni ma na yi irin kuskurenki a shekarar da na fara aiki. An kwantar da wani manomi saboda haki da kumburin ƙafafu, na ce masa, "Baba, ba ka dai shan taba ko?" Ya dubi babban ɗansa, ya dube ni, ya ce, "Allah Ya kiyaye." Da babban likitanmu ya zo zagaye, sai ya aiki ɗan ya karɓo hoton ƙirji, ya ja labule, ya jawo kujera ya zauna har kansa ya yi daidai da na tsohon, ya gaishe shi da jiki, ya tambaye shi labarin damina, sannan cikin murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Baba, kara nawa ke kai ka dare?" Tsohon ya ɗan yi shiru, ya ce, "Da can kwali guda ne, amma tun da ciwon nan ya kama ni rabi nake sha." Duk wannan ina tsaye a gefe, riƙe da fayil ɗin da na rubuta akasin haka a ciki da hannuna.

Ki lura da bambancin tambayoyin biyu. Tawa ta riga ta nuna masa amsar da ake sa ran ji daga mutumin kirki, ta babban likitan kuwa ta ɗauke masa nauyin furta abin da yake jin kunya, ta bar masa lissafi kawai. Ke da kike sa'ar jikarsa, hanyar da ta fi dacewa da ke ita ce neman izini. Bayan kin sallami masu jinya cikin ladabi, ki ce, "Baba, ka yi mini afuwa, akwai tambayoyin da aikinmu ya wajabta mu yi wa kowa, babba da yaro, mace da namiji, kuma abin da ka gaya mini zai tsaya tsakaninka da likitocin da ke duba ka." Wannan ba dabarar baki ba ce kawai, haka ya kamata a yi wa kowa, har da mata. Binciken shan taba da aka gudanar a Nijeriya a 2012 ya sami kashi 7.3 cikin 100 na maza da kashi 0.4 na mata suna zuƙar taba, jimilla kimanin mutum miliyan 3.1, amma a ganina duk wanda ya yi aiki a asibitocinmu zai karanta adadin mata da tunanin cewa kunya ma tana da hannu a amsoshin da ake bayarwa. Ki kuma riƙa ambaton sauran nau'o'in da sunansu, wato shisha, da lofe, da garin tabar da ake cusawa a baki da kanwa ko ake shaƙa, domin tsohuwar da ke sa gari a dasashi da gaske take idan ta ce ba ta shan taba.

Idan ya amsa, tambaya uku sun ishe ki. Kara nawa a wuni, shekara nawa ana sha, kuma yaushe ake kunna na farko bayan farkawa. Da yake yawanci ɗaiɗai ake saya a wurin mai tireda, duk da cewa dokar taba ta 2015 ta hana sayarwa kara-kara, wani ba zai san adadin ba sai kin ce masa, "Ta nawa kake saya a rana?" Kwali kara 20 ne, kuma lissafin da muke rubutawa a fayil shi ne yawan kwali a rana sau yawan shekaru, don haka mai shan rabin kwali na shekara 30 lissafinsa 15 ne. Tambaya ta uku, wadda ta fito daga ma'aunin da masanin nan ɗan ƙasar Suwidin Karl Fagerström ya tsara, ita ta fi nuna zurfin kamun nikotin, wato sinadarin da ke cikin taba mai sa mutum ya kasa rabuwa da ita. A wurinmu da sauƙin yi: kafin sallar asuba ne, ko bayan an idar, ko sai an karya kumallo? Wanda ke kunnawa cikin rabin awa da buɗe ido, musamman cikin minti 5 na farko, da wuya ya iya bari da nasiha kaɗai.

Sai shawarar kanta, wadda nake so ta kasance gajeriya, bayyananniya, kuma ɗaure da abin da ya kawo shi asibiti. Kada ki karanto masa jerin cututtukan da kika haddace. Ki ce, "Baba, tarin nan da ke hana ka barci, da hakin da kake yi kafin ka kai masallaci, taba na da hannu a ciki. A duk magungunan da za mu ba ka, babu wanda zai yi maka aikin da barinta zai yi. In ka amince, akwai taimakon da za mu yi maka." Daga nan ki yi shiru ki saurara, ko da shirun ya yi miki tsawo.

Sau da yawa amsar da za ki ji ita ce aikin gama ya gama, bayan shekara 40 me ya rage. A nan iliminki zai yi amfani. Masu bincike 'yan Birtaniya Richard Doll da Bradford Hill sun fara bin sawun likitocin Birtaniya maza kimanin 34,000 a 1951, kuma rahoton shekara 50 da ya fito a 2004 ya nuna cewa mashayi kan rasa kusan shekara 10 na rayuwa idan aka kwatanta da wanda bai taɓa sha ba, amma wanda ya bari yana da shekara 30 yakan tsira da kusan dukkansu, mai 40 da kusan 9, mai 50 da kusan 6, mai 60 ma da kusan 3. Ba sai kin kawo masa alƙaluma ba, ya isa ki ce masa ko a shekarunsa jiki yana gode wa wanda ya bari. Idan kuma ya ce kwana ba ya ƙarewa sai ajali ya yi, ki amsa masa da haka ne, kada ki ja da shi a kan ƙaddara, sannan ki tuna masa cewa da ƙafarsa ya zo neman magani, kuma barin abin da ke rura ciwon yana cikin neman maganin. Kafin duk wannan, gobe da safe ki koma wurin dattijon nan shi kaɗai, ki sake tambaya, ki gaya wa likitan da ke kanki, a gyara abin da ke cikin fayil.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni ƙaramin malami ne a sashen lafiyar al'umma na wata kwalejin likitanci. Awa biyu kacal nake da su a shekara don koyar da 'yan aji huɗu batun taba, kuma na saba cika su da alƙaluma da hotunan huhun da ya lalace. Ɗaliban suna cin jarrabawa, amma ban taɓa jin ɗayansu ya yi wa mara lafiya maganar ba. Me zan sauya? Daga wani likita a Arewa maso Yamma.

Amsa: Dakta, na gode da wannan tambaya, kuma ka sani ba kai kaɗai ba ne. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya da abokan aikinta suka fara a 2005 a kan ɗaliban aji uku na fannonin lafiya a ƙasashe da dama ya gano cewa mafi yawansu sun yarda ya kamata a koya musu ba da shawarar barin taba, amma a galibin wuraren da aka bincika waɗanda aka taɓa koya wa ba su kai kashi 40 cikin 100 ba. Alhali yarjejeniyar yaƙi da taba ta duniya, wadda Nijeriya da Nijar suka rattaba wa hannu a 2004 suka kuma tabbatar a 2005, ta ɗora wa ƙasashe nauyin taimaka wa masu son bari a sashenta na 14, kuma ba na ganin yadda za a sauke wannan nauyi da likitocin da ba a koya wa ba.

Da ni ne, minti 20 kawai zan ba wa lacca. A ciki zan nuna musu cewa gajeriyar magana tana aiki, domin yawancinsu ba su yarda da hakan ba. A 1979 Michael Russell da abokan aikinsa sun wallafa gwajin da suka yi da likitoci 28 a Landan da mashaya sama da 2,000, inda suka ga kashi 5.1 cikin 100 na waɗanda aka yi wa shawarar minti ɗaya ko biyu, aka ba su takarda, aka ce za a sake tuntuɓarsu, sun bari har shekara guda, alhali cikin waɗanda ba a ce wa komai ba kashi 0.3 ne kawai. Ɗalibi zai ce biyar cikin ɗari ai ba yawa, sai ka sa shi ya lissafa mashaya nawa za su zauna a gabansa cikin shekara 35 na aiki. Zan kuma ba su matakai biyar ɗin nan da hukumar lafiyar Amurka ta yaɗa a ƙa'idojinta na 2000: a tambayi kowa, a ba da shawara, a auna ko ya shirya, a taimaka masa, a sa ranar dawowa. Ga wanda zai ce layi ya yi tsawo, ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Yulin 2024 ta ƙayyade gajeriyar shawara tsakanin daƙiƙa 30 da minti 3, kuma ko a asibitin da likita ke ganin mutum 60 kafin azahar ana iya samun wannan.

Sauran minti 100 kuwa ɗaliban ne za su yi magana. Ka raba su uku-uku, ɗaya likita, ɗaya mara lafiya, ɗaya mai sa ido, su riƙa musanya. Sharaɗina a nan ɗaya ne, a yi shi da harshen da za a yi aiki da shi. Muna karantarwa da Turanci, takwarorinmu na Yamai suna yi da Faransanci, amma mara lafiyar da zai zauna a gabansu Hausa yake ji, ko Fulatanci, ko Barbarci, ko Zabarmanci. Na sha ganin ɗalibin da ke zuba bayani kamar ruwa da Turanci ya kasa haɗa jimla biyu masu daɗin ji da harshen uwarsa a kan batun nan, saboda bai taɓa gwadawa ba. Ɗaliban da ba su iya Hausa sosai ba su ma su gwada da tafinta, don haka za su yi a ɗakin marasa lafiya.

Akwai ranar da na roƙi wani dattijon masinja, wanda ya bar taba da daɗewa, ya zauna a matsayin mara lafiya. Ɗalibin da ya fi kowa ƙoƙari a ajin ya tashi, ya tsaya a kansa, ya yi minti huɗu cur yana bayanin sankarar huhu da toshewar jijiyoyin zuciya, bai yi kuskure ko ɗaya ba. Dattijon ya sunkuyar da kai yana cewa "to" da "haka ne", da aka gama ya ce, "Likita, in je in karɓi maganin?" Na tambayi ajin me suka sani game da mutumin nan wanda ba su sani ba kafin minti huɗun, aka rasa mai amsawa. Wata ɗaliba ta karɓa, ta zauna, ta ce, "Baba, me taba ke yi maka da ka kasa rabuwa da ita?" Sai ga shi yana ba da labarin gadin dare, da sanyin hunturu, da yadda jikarsa ta taɓa ƙin zuwa hannunsa saboda wari. Dalilin barin ya fito daga bakinsa, ita kuma ta kama shi a nan. Wannan shi ne ruhin salon tattaunawar da masana halayyar ɗan Adam William Miller da Stephen Rollnick suka gina, inda likita ke tambaya da sauraro har mutum ya faɗi hujjarsa da kansa. Wata tambayar da ke cikin salon tana da sauƙin koyarwa: daga 0 zuwa 10, ina niyyarka ta bari ta kai? Idan ya ce 4, kada a ce me ya hana ta kai 10, a ce me ya sa ba ta tsaya a 1 ba, domin amsar wannan ita ce jerin dalilansa.

Awa biyunka ba za su wadatar ba in sauran sassa ba su karɓa ba, don haka ka zagaya ka nemi abokan aiki. Likitan tiyata yana da hujja a hannu, tunda barin taba mako 4 kafin aiki yana rage matsalar huhu da ruɓewar ɗinki. A ɗakin yara, duk yaron da ke yawan dawowa da asma ko ciwon huhu ko ciwon kunne ya kamata a tambayi ko akwai mai sha a ɗakin da yake kwana. A wurin awon ciki, hayaƙin maigida ne abin tambaya. Asibitin tarin fuka ya fi ko'ina dacewa, domin shan taba yana kusan ninka haɗarin kamuwa da cutar, kuma mara lafiya yana hannunmu wata 6 yana zuwa karɓar magani. Malamin harhaɗa magunguna shi ma ya tuna musu cewa hayaƙin taba na sa hanta saurin narkar da magunguna irin su tiyofilin na asma da kulozafin na taɓin hankali, don haka wanda ya bari yana iya buƙatar a rage masa awo.

Na ƙarshe, kuma a ganina shi ya fi tasiri, ka sa batun a jarrabawa. Ɗalibi abin da za a tambaye shi yake karantawa. A jarrabawar tasha-tasha da suke kira oski, wadda Ronald Harden ya ɓullo da ita a Jami'ar Dundee a 1975, ka nemi a ware tasha ɗaya ta minti biyar da mai kwaikwayon mashayi, a ba da maki ga gaisuwa, da keɓewa, da sauraro, da sa ranar dawowa, ba ga yawan cututtukan da aka ambata ba kawai. Idan ka samu hali, ka sa sharaɗin cewa kowane ɗalibi ya yi wa mara lafiya na gaske shawarar sau uku a gaban malami, a sa masa hannu a littafin aikinsa kamar yadda ake yi wa ɗinki da karɓar haihuwa.

Tambaya: Likita, ni direban babbar mota ne, shekarata 22 ina shan taba. Sau huɗu ina bari ina komawa, mafi daɗewa wata biyu. Duk likitan da na je wurinsa sai ya ce "ka daina" ya rubuta magani ya kira na gaba. Ɗan ƙanwata da ke karatun likita kuma in ya zo gida faɗa yake mini, har ya ce sabo turken wawa. Shin abin da ake koya musu ke nan? Daga wani direba a Funtuwa.

Amsa: Malam, ka yi haƙuri da mu, kuma ka yi wa yaron uzuri, ƙauna ce ta sa shi, amma bai kyauta ba. Wannan karin magana na hana ɗalibaina yi wa mashayi, domin abin da ke riƙe ka ba wauta ba ce. Sinadarin nikotin yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 da zuƙa, kuma bayan shekara 22 jikinka ya saba aiki da shi, shi ya sa in ka bari kake jin ƙunci, da saurin fushi, da rashin barci, da yawan yunwa. Na sa wasiƙarka a nan musamman don ɗalibai su gani cewa "ka daina" rabin aiki ne. Bari sau huɗu da ka yi kuwa ba faɗuwa ba ce a idona, domin yawancin waɗanda suka rabu da taba har abada sai da suka gwada sau da dama, kuma wata biyun nan sun nuna kana iyawa.

Da kana gabana, tambayar farko da zan yi maka ita ce me ya mayar da kai a kowane karo, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wataƙila tuƙin dare ne, ko zaman jiran lodi, ko shayin tasha tare da abokan da ke miƙo maka kara. Sai mu sa rana cikin mako biyu masu zuwa, wadda ba ta faɗa a tsakiyar doguwar tafiya ba, ka gaya wa iyali da yaron motarka, ka kwashe kwali da ashana daga mota da aljihu, kuma daga ranar ko zuƙa ɗaya babu, domin kara ɗaya ne ke dawo da kwali. Wahalar ta fi tsanani a makon farko, takan lafa cikin mako 2 zuwa 4, kuma kowace sha'awa in ta taso 'yan mintuna take yi ta wuce, don haka ka tanadi abin yi a mintunan nan, ko ruwa, ko asuwaki, ko sauka ka zagaya motar. Ka yi hattara da goro da shayi mai kauri a matsayin madadi, saboda wanda ya bar taba jikinsa yakan rage saurin fitar da sinadarin da ke cikinsu, sai bugun zuciya da rashin barci su ƙaru ya ɗauka rashin tabar ne.

Akwai magunguna, kuma haƙƙinka ne a gaya maka. Akwai nikotin na magani a cingam, da alewar tsotsa, da wanda ake mannawa a fata, waɗanda ke ƙara yiwuwar nasara da kusan rabi ko fiye, kuma haɗa na fata da cingam ya fi ɗaya shi kaɗai. Kada ka ji tsoron sunan, domin abin da ke kisa a taba yawanci kwalta ce da gubobin hayaƙi, waɗanda kusan 70 daga cikinsu ke jawo sankara. Akwai ƙwayoyin bareniklin, da bufurofiyon, da saitisin, dukkansu Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su, sai dai ba a kowane kantin magani ake samunsu ba kuma suna da tsada. Likita ne zai zaɓa maka, kuma lallai ka gaya masa kai direba ne, domin wasunsu kan kawo jiri ko gyangyaɗi, bufurofiyon kuma ba a ba mai farfaɗiya. Ka nemi a sa maka ranar dawowa cikin makon farko, ko a kira ka a waya in kana hanya. Idan kana azumi, Ramadan dama ce babba, tunda kana yin awa 13 zuwa 14 ba ka kunna ba, abin da ya rage shi ne ka shirya wa lokacin da ke bayan buɗa-baki, wanda a nan ne akasari ake karyewa.

Tambaya: Likita, ina aji uku a likitanci, kuma ina shan shisha da abokai a ƙarshen mako, wani lokaci har da sigari lokacin jarrabawa. Ina jin kamar munafunci ne in ce wa wani ya bari. Ko in bar wa wasu wannan ɓangaren? Daga wani ɗalibi a Kano.

Amsa: Ɗana, ba za ka bar wa kowa ba, domin mara lafiyar da ke gabanka yana da haƙƙin jin gaskiya ko da kai ma kana fama. Amma damuwar da kake ji tana da tushe, an sha lura cewa likitan da ke sha ya fi saurin tsallake wannan tambaya, kuma mara lafiya yana jin wari kafin ya ji magana. Likitocin Birtaniya da na ambata a sama, waɗanda aka gano illar taba a jikinsu, suna cikin waɗanda suka fara barinta da yawa a ƙasarsu, kuma hakan ya ƙara wa maganarsu nauyi a wurin jama'a.

Kada ƙamshin tuffa da ruwan da ke cikin tulun su ruɗe ka. Ruwan yana sanyaya hayaƙin ne, ba ya tace gubar, gawayin da ke kai yana ƙara iskar nan mai guba da ke hana jini ɗaukar iskar numfashi, kuma kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya ya yi gargaɗi tun 2005 cewa a zama ɗaya mai shisha na iya shaƙar yawan hayaƙin da ya kai na kara 100 ko fiye. Ga kuma bakin tiyo ɗaya da ke zagaya mutum biyar a garin da tarin fuka bai ƙare ba. Sigarin lokacin jarrabawa ya fi damuna, domin aikin da ka zaɓa gajiya da rashin barci ba sa ƙarewa a cikinsa, kuma in ka koya wa jikinka cewa taba ce maganinsu, za ka neme ta a kowane kwanan asibiti. Ka yi wa kanka tambayoyin nan uku da na lissafa wa 'yar'uwarka a farkon fili, ka sa rana, ka je wurin likitan da ba abokin karatunka ba ne ya duba ka kamar kowane mara lafiya, kada ka rubuta wa kanka magani. Bayan wata guda ka sake rubuto mini in ji inda aka kwana.